Gurbi Ɗaya a Badujala

Kano, 8 ga Oktoba, 1956

Zuwa ga Maimuna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba da kowa na gida.

Ranar Litinin mai zuwa za a gwada mu a badujalar 'yan sanda. Mu biyu ne, ni da wani Idi, gurbi kuwa ɗaya. Saje Maikano, mai koya mana, ya ara mini saksafon, wato algaitar Turawa. Ya ce in riƙa bin waƙar gwajin a hankali, gaɓa-gaɓa, ina buga ƙafa, ina duban madubi kada kumatuna su kumbura.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya gagare ni shi ne wuraren da takardar waƙar ta ce a yi shiru. Kin san Baba ya koya mini busa ba yankewa, ana jan numfashi ta hanci sauti na tafiya. Da na zo wurin shirun sai in zarce. Jiya Saje ya ce, "Kai ɗan mai algaita, nan ba gidan biki ba ne!" Idi har da riƙe ciki don dariya.

In na faɗi, sai haƙar kuza a Riruwai, kamar yadda na yi wa Yaya Ɗahiru alkawari.

Naki, Hamidu

Bebeji, 11 ga Oktoba

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da ladabi da bege. Direba ya kawo takardarka ina tsakiyar wani littafi, daidai inda jarumi ya fita neman sa'a. Na rufe shi, don shi na tabbata zai dawo da nasara.

Na durƙusa gaban Baba na nemi shawara. Ya ce shi tunda yake bai taɓa yanke busa a gaban jama'a ba, abin kunya ne. Ya juya mini baya.

To ga tawa. Ka tuna luguden da muke yi ni da Tani da Rabi? In na sauke taɓaryata sai in dakata, don lokacin nasu ne. Ranar da na yi gaggawa, taɓare suka haɗu, Rabi ta fashe a leɓe. In ka zo wurin shirun, ka ɗauka Rabi ce za ta buga.

Yaya Ɗahiru ya riga ya ba da sunanka. Motar leburorin Riruwai za ta tashi Juma'ar sama. Jiya aka dawo da mijin ƙawata Laraba daga can, rami ya rufta masa a ƙafa. Ni kuwa kullum ina ganinka cikin farin kaki, ina leƙe ta tagar ɗakinmu a bariki.

Allah ya ba da sa'a.

Matarka, Maimuna

Kano, 16 ga Oktoba

Maimuna,

Gaisuwa. An yi gwajin. Shiru na farko na bar wa Rabi, na biyu na bar wa Tani. A na uku Baturen da ke gwada mu ya ɗago kai ya dube ni, kumatuna suka cika da kansu, na zarce. Ya yi ɗan rubutu a takarda. Idi ya kuskure sau biyu, amma ya yi shirunsa daidai.

Sai mako mai zuwa za a faɗi wanda aka ɗauka. Saje ya ce in jira, ban ga abin jira ba. In motar Juma'a ta wuce ni, na yi biyu babu. Jibi ina tafe, ki haɗa mini kayana.

Hamidu

Bebeji, 17 ga Oktoba

Maigida,

Gaisuwa da neman gafara. Kada ka taso. Da safe na je wurin Yaya Ɗahiru na ce ka fasa zuwa Riruwai, ya ba ƙanin maƙwabcinmu Lado gurbinka. Ya yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Na san ban tambaye ka ba.

Yanzu ba mu da komai sai abin da Baturen nan ya rubuta. Ka zauna ka ji shi da kunnenka. In ya so, ka zo ka yi mini faɗan.

Allah ya sada mu da alheri.

Maimuna