Gunkin Yaƙi Mai Gasa Burodi

Talata, 4 ga Satumba, 1962

Sun karɓa! Wallahi sun karɓa! Tun daga Alƙahira har Iskandariyya na kasa zama a kujerar jirgin ƙasa, sai da wani tsoho ya ce, "Ɗana, ko kuɗin cizo ne a wandonka?"

Ustaz Galal, editan mujallar yara, ya yi ta juya shafukana yana taunar gindin sigari. Can ya ce jarumina ya yi. Ɗan Hasumiya, masuncin garinmu da hasken tsohuwar hasumiya ya shiga jikinsa, yana tashi sama yana tsaron gari. Ya ce ya gaji da jaruman Amurka da suke fassarawa suna ƙara wa matansu tsawon siket da tawada. Kashi takwas zai ba ni, duk Alhamis ɗaya. In yara sun so, akwai tebur nawa na kaina a ofishinsu. Tebur! Ni Midhat, mai zana allunan shagunan kifi!

Sai dai mugun labarin. Gunkin yaƙi na Girkawan dā, wanda ya farka daga ƙarƙashin tashar jiragen ruwa. Ya ce tunanin ya yi, amma fuskar? "Wannan ai malamin lissafi ne mai ciwon haƙori. Kawo min fuskar da za ta sa yaro ya ɓuya bayan uwarsa."

Laraba, 5 ga Satumba

Kowace fuska na zana, sai ka ce na haɗa baki da malaman lissafi. Duk na yayyaga. Umma ta ce takardun sun yi mata amfani wajen hura wuta, in ƙara.

Alhamis, 6 ga Satumba

Na same shi! Ashe yana ƙasan benenmu tun kafin a haife ni!

Na sauka sayo burodi wurin Ammu Manoli, Bagirken nan mai tanderu da kowa ke ce wa Ammu, wato baffa. Yana zuro burodi da dogon katakonsa, wuta ta hasko shi daga ƙasa: gira kamar tsintsiya, gemu, ga karyayyen hancin nan da ƙofar tarago ta buge masa yana saurayi. Na tsaya baki buɗe.

Ya ce, "Kai ɗan Umm Midhat, burodi ka zo saya ko aurena?"

Na yi masa bayani ina in'ina, don na ɗauka zai ji haushi. Ina! Dariya ya yi har da riƙe ciki. Wai a makarantarsu ta Girkawa an koya musu cewa wannan gunkin matsoraci ne, ihu kawai ya iya, da an ɗan soke shi sai ya ruga wurin ubansa yana kuka. Ko Girkawan ma ba sa ƙaunarsa. "Amma in ni ne shi, to ka sa masa ƙirji. Kada ka kuskura ka zana tumbin nan."

Mutumin da kyankyaso ke kora daga shagonsa, sai Umma ta sauko da takalmi ta kashe masa. Shi ne zai firgita yaran Masar.

Juma'a, 7 ga Satumba

Bayan masallaci ya rufe shago ya tsaya mini. Tukunyar tagullarsa ta dafa zuma a ka, katakon burodi a matsayin mashi, labulen shago a kafaɗa. Na ce ya ɓata rai. Ya ce da me zai ɓata? Na ce ya tuna mai kawo masa fulawa. Nan take ya zare ido ya yi wani gurnani, sai da magen shagon ta tsallake taga.

Ban taɓa zane irin na yau ba. Umma ta leƙo, ta kira shi da sunan da ake kiran Turawa a nan, ta ce, "Innalillahi! Hawaga, da girmanka?" Ya ce, "Sitti, yi magana da ladabi, da gunki kike magana." Ta tafi tana dariya tana cewa mu biyun duk sai an yi mana rubutu.

Litinin, 17 ga Satumba

Ustaz Galal ya bugo waya kantin magani, aka kira ni. "A ina ka samo wannan dodon?" Na ce maƙwabcina ne. Ya ce Allah ya kiyashe shi da unguwarmu. A fara bugawa!

Alhamis, 11 ga Oktoba

Ya fito. Sunana a ƙasan shafi, ƙarami, amma sunana ne. Na yi ta shinshinar takardar a titi kamar mahaukaci.

Ammu Manoli ya manna shafin a jikin gilashin shagonsa, sama da farantin basbusa, alkakin nan nasa mai zuma. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa: "Ka gane shi? Duba hancin da kyau." Ya aika wa 'yarsa Fotini ɗaya can Firayus, a ƙasar Girka.

Asabar, 20 ga Oktoba

Yara sun gano! Da an tashi makaranta sai su cika ƙofar shagon, wasu har daga unguwar Ibrahimiyya suke zuwa a ƙafa. "Hawaga, yi mana gunki!" Shi kuwa abin nema ya samu: ya kifa tukunya a ka, ya ɗaga katako, ya yi gurnani, su watse da ihu, su dawo suna dariya. Kowa ya tafi da guntun burodi mai riɗi. Ya ce rabon da ya ga shagonsa a cike haka tun kafin 'yan uwansa Girkawa su fara hawa jirgi ɗaya bayan ɗaya suna barin ƙasar.

Ustaz Galal ya ce mujallar ba ta kwana a hannun masu sayarwa. Teburin nan ina jin ƙanshin katakonsa.

Alhamis, 1 ga Nuwamba

Raina ya ɓaci, kuma sosai. A kashi na huɗu, inda Ɗan Hasumiya ya tare gunkin a bakin teku, ni abin da na sa a bakinsa shi ne, "Ajiye mashinka!" Yau na buɗe mujalla na tarar an goge, an rubuta da manyan baƙaƙe: "Koma teku inda ka fito, baƙo!"

Na buga waya. Ustaz ya ce, "Ya fi armashi, ya Midhat. Zamanin ke nan, yara ma sun san abin da ake ciki." Na buɗe baki, na tuna tebur, na rufe.

Lahadi, 4 ga Nuwamba

Ina sama na jiyo su. Da farko wasan da aka saba ne. Sai suka haɗa baki suna tafi: koma teku inda ka fito, baƙo, koma teku. Su a wurinsu maganar jarumi ce kawai, na sani. Amma wasu manya a shagon gahawa na tsallake suka yi dariya, kuma ba irin dariyar yaran ba ce.

Na sauko a guje na kore su. Ammu Manoli na tsaye da tukunya a ka, katakon ya sauka ƙasa. Ya cire ta a hankali, ya goge da gefen rigarsa. Ya ce, "A ɗakin bayan nan aka yanke cibiyata. Ubana yana kwance a maƙabartar Shatbi. Wane tekun?" Sannan ya tambaye ni ko burodi nawa Umma ta ce.

Talata, 6 ga Nuwamba

Zai tafi. Farkon wata mai zuwa.

Ya ce ba saboda yaran nan ba ne, kada in sa wa kaina. Fotini ta daɗe tana matsa masa, masu sayen burodinsa na dā duk sun ƙaura, cocinsu ran Lahadi tsofaffi ne kawai da tattabaru. Duk gaskiya ne. To amma me ya sa sai wannan makon?

Mutumin da ya riƙa aiko mana da burodi duk kwanakin zaman makokin Baba, bai taɓa ɗaga maganar ba. Bai taɓa ganin ƙasar Girka da idonsa ba, sai a kalanda.

Asabar, 10 ga Nuwamba

Alƙahira. Ustaz Galal ya nuna mini teburin. Yana kusa da taga, har da fitila mai lanƙwasa wuya. Na shafa shi, ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ta yi tsalle.

Sai ya faɗi sharaɗin. Kashi na ƙarshe a bangon mujalla zai fito, da launi: Ɗan Hasumiya ya ɗaga gunkin sama ya wurga shi teku, jama'a na murna a bakin gaɓa. Na ce ko a mayar da shi dutse kamar yadda yake tun asali? Ko ya gudu da kansa? Ya ce, "Mako bakwai muna yi wa yara alkawarin teku, sai mu ba su dutse? Ka zana, ko in ba wani ya zana. Teburin ma haka."

Kuma zai fito ne kwana biyu kafin jirgin Ammu ya tashi. Ya Rabbi.

Lahadi, 11 ga Nuwamba

Farar takarda tun safe. Ko fensir ban fere ba.

Laraba, 14 ga Nuwamba

Umma ce ta kai masa tsegumi, na tabbata. Ya aiko in sauko. Na tarar ya jera buhunan fulawa a tsakiyar shago, tukunya a ka.

"An ce wai kana so ka zubar da aikinka saboda ni. Kai wane irin jaki ne?"

Na ce, "Ammu, ba zan iya ba."

"Za ka iya. In wani ya zana, tumbi zai sa mini. Ɗauko fensirinka."

Ya faɗa kan buhunan da baya, ƙafafu a sama, fulawa ta tashi ta rufe mu duka, muka yi fari fat. Na yi dariya har hawaye, daga baya ban san ko na mene ne ba. Ya tashi ya sake faɗawa, wai ta farkon ba ta yi kyau ba. Abu ɗaya ya roƙa: "Gunkin makarantarmu da kuka yake gudu. Ni kada ka zana ni ina kuka. Sa ni ina dariya."

Na zana. Shi ne zane mafi kyau da na taɓa yi a rayuwata, kuma na tsane shi.

Alhamis, 29 ga Nuwamba

Ya fito, a kowane lungu yana rataye. Kafin azahar ya ƙare a wurin mai jaridar bakin tarago. Ustaz ya bugo: dariyar nan ta muguntar gaske ce, wai ta yaya na yi tunaninta? Teburin nawa ne, in zo tsakiyar wata.

Na samu! Umma ta rangaɗa guɗa ta taga, ta raba lemon sharbat har gidan da ba ma gaisawa. Ammu ya sayi mujallar guda, ya naɗe a cikin rigar sanyi ya sa a akwatinsa.

Asabar, 1 ga Disamba

Tashar jiragen ruwa. Ni na ɗauki akwatin, Umma ta ƙulla masa tulin abinci kamar mai tafiya hajji. Ban san wa ya gaya wa yaran ba, sai ga su gungu guda a bayan shinge. Na ce a raina yau in suka rera waƙar nan sai na ci mutuncin wani.

Ba su rera ba. "Hawaga, gunki! Yi mana gunki!"

Yana tsakiyar tsanin jirgi, ga Girkawa tsofaffi a bayansa suna share hawaye, ya zaro tukunyar daga jakarsa ya kifa a ka. Ya yi gurnanin da ya fi na kullum, har ma'aikacin jirgin ya ja da baya. Yara suka yi ta tsalle. Sai ya cire ta ya wurgo mini, saura kaɗan ta fasa mini hanci.

Da jirgin ya fara ja, suka kewaye ni suna tambaya. "Zai dawo ran Alhamis ko, Ustaz? Ai mugu kullum yana dawowa." Na ce su tafi gida iyayensu na nemansu.

Litinin, 17 ga Disamba

Alƙahira. Teburin yana da kyau, fitilar ma tana aiki. Tukunyar na ajiye a kai, ina zuba fensira a ciki.

Ustaz yana son sabon mugu, wani masanin kimiyya daga duniyar wata. Duk fuskar da na fara, in na kai hanci sai ya karye. Hannu ne ya saba, zai daina.

Yau dai na miƙa masa kashi na tara. Babu ɗan duniyar wata a ciki. Ɗan Hasumiya ne ya tsinci hular gunkin a kan yashi, ya riƙe ta ya faɗa teku, yana ta nutsawa yana haska ƙasan ruwa yana dubawa.

Ustaz ya cire sigarin daga bakinsa. "Me zai je yi?"

Na ce, "Mutumin ya manta hularsa."

"In ya same shi fa?"

Na ce ban kai nan ba tukuna.

Ya ce in tuna akwai masu son teburin nan da yawa, gobe zai ba ni amsa. Ban karɓi shafukan na ce zan gyara ba, na bar masa su a gabansa.

Ba wani abu ba ne. Hular mutane ce, ya kamata a mayar. Burodin garin nan kuma sam ba ya ciyuwa.