Sun Ce In Zauna, Amma Ban Da Madina

Hajiya Maimuna, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Dillalin awaki ne ni a Mai'adua. Na gaji da rantsuwar ƙarya a kara, na daɗe ina neman inda zan zauna cikin masu tsoron Allah. Bara na dace da wata 'yar unguwa a dajin Sandamu, ta almajiran wani Malam Hafizu. Noma tare, zikiri tare, akushi ɗaya, ba waya ba rediyo. Wallahi ban taɓa samun natsuwa irin ta wurin nan ba.

Matsalar matata ce, Madina. Tana da farfaɗiya, na ɓoye musu. Ran Juma'a ta faɗi a bakin murhu, hannunta ya shiga wuta. Cikin matan unguwar ba wadda ta taɓa ta, wai yawunta na kama mutum. Na ji ihun, amma muna tsakiyar wuridi, ban so in katse ba. Sun fasa ƙwaryarta, sun hana ta randa. Yanzu Malam ya ce ni in zauna, ita ta koma gidansu a Baure. Ban gaya mata ba tukuna. Gaskiya ni ma na gaji da ita. In na sallame ta, ina da laifi?

Mai Neman Tsira

Malam Mai Neman Tsira, ƙishirwarka ta zama da mutanen kirki gaskiya ce, ban raina ta ba. Matan nan kuma jahilci ne ya tsorata su. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ƙwarya, kuma akwai maganin da ke rage ta sosai.

Kai fa? Ka san ciwon, ka san muryar matarka, ka ci gaba da jan carbi tana ƙonewa. Haba malam! Ka bar rantsuwar ƙarya, amma dillancin ya biyo ka, ga shi kana shirin musanya mace da wurin zama.

Gobe ka kai ta asibiti a Daura, a duba ƙunar da ciwon. Ka nemi gafararta. Sannan ka gaya wa Malam Hafizu gaskiyar da ka ɓoye. In sun karɓe ku tare, madalla. In sun ƙi, ka kwashe kayanka, don ranar da kai ka faɗi, haka za su tsaya kallonka.

Allah ya ba Madina lafiya. Kai kuma Allah ya ba ka kunya.