Mai Lamba Ta Zo Taba

Nasarawan Doya,
9 ga Janairu, 1954

Zuwa ga ƙawata Zulai,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya Zariya, yaya aikin asibiti? Ko har yanzu kina rufe ido in za ki yi wa mutum allura, kamar lokacin da muke koyo?

Labarina shi ne En'e ta mayar da ni Ikara. Lamba zan riƙa yi wa mata da yara saboda agana, tunda maza ba sa shiga gidajen kulle. Maigidana ba zai bi ni ba, rake ya nuna, kuma tukunyar mazarƙwaila ba ta jiran kowa. Da na faɗa masa, "to" kawai ya ce. Na juya wannan "to" ɗin kwana uku ban gane gabanta da bayanta ba. Ƙarshen kowane wata zan riƙa zuwa gida.

'Yar nan kuwa na kai ta garinmu Taba wurin Inna yaye. Kin san ita ce ta fari, ban taɓa kama sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Da na sauke ta na ba Inna zanen goyon, na fito ban waiwaya ba, mata suna ta yaba kunyata. Ni dai ban ji komai ba, sai nono da ya cika ya jiƙa mini riga har Makarfi.

Ki gaida kowa.

Taki,
Mairama

Ikara,
2 ga Maris, 1956

Zulai,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na ga takardarki, kin ce na yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ba abin faɗi ne ya ƙare ba.

Yayen wata biyu ya zama shekara biyu. In na samu hutu Nasarawan Doya nake nufa, in share ɗaki, in dafa wa maigida tuwon da zai tuna yana da mata. Taba sai da Sallah, ita ma in na je ba na zama kusa da yarinyar, kada a ce na yi rashin ta ido.

Makon jiya agana ta ɓulla a ƙasar Kudan, aka tura mu Taba. An tara mata da yara a cikin gidan dagaci. Malamin da ke kiran suna ya tsaya a zaure ya miƙo mini takardar, don haka ni ce mai kira, ni ce mai tsagawa. Na kira goma sha shida. Na goma sha bakwai, ina dubawa, sai na ga sunan 'yar nan.

Inna na zaune tana kallona, ƙannen babana suna nan. Na so in tsallake, amma in ban kira ba ba za a kawo ta ba, kuma gida na uku daga namu an riga an fitar da gawa. Sai na kira, da muryar aiki, irin wadda nake kiran 'ya'yan kowa. Ummuhani. Yau na rubuta miki shi.

Wata tsohuwa ta kama baki, wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Inna ta riƙe mini ita, na kama damtsen hagu na tsaga. Ta yi ihu tana kiran Inna, tana cewa mai lamba za ta kashe ta. Na goge wuƙar na kira na goma sha takwas.

Na ci abinci ranar, na yi sallah, na cika takarduna. Ina jiran abin ya taso mini, har yau bai taso ba.

Ki gaida yara.

Mairama

Nasarawan Doya,
20 ga Afrilu, 1956

Ƙawata Zulai,

Gaisuwa da fatan alheri. Mu nan lafiya, alhamdu lillahi.

Lambar ta kama. Yara tara agana ta ɗauka a Taba, duk cikin waɗanda aka ɓoye a rumbu ranar da muka zo. Tawa ko zazzaɓin kirki ba ta yi ba.

Maigida ya yi magana a ƙarshe. Ya ce ba zai hana ni aiki ba, amma gida ba mata ba 'ya ya ishe shi, in ɗauko yarinyar, in kuma zaɓa. Na rubuta takardar barin aiki, na sa a jaka, na ce in yarinyar ta biyo ni zan miƙa.

Ranar Laraba na je Taba. Na bar farar rigar aiki a gida, na ɗaura irin zanen da nake goya ta da shi a da, na tafi da mazarƙwailar ubanta ƙulli guda. Tana wasa a gindin turmi. Inna ta ce mata ta zo ta gaida uwarta. Ta dubi Inna, ta dube ni, ba ta gudu ba, ba ta yi kuka ba. Na durƙusa na miƙa hannu biyu, a gaban kowa, kunyar ma na ajiye ta.

Ta taho a hankali. Da ta iso sai ta rufe tabon hagu da tafinta, ta juya mini damtsen dama, ta kau da kai, ta runtse ido tana jira.

Na ajiye mazarƙwailar a kan turmi. Inna ta ce a bar ta tukuna, yaro da mantuwa. Na ce to.

Takardar tana cikin jaka, ban miƙa ba, ban yaga ba. Ranar Litinin akwai lamba a Ikara, yara arba'in ne a takarda.

Ki gaida maigidanki. Ki kira naki 'ya'yan da sunansu, Zulai, ko a ɗaki ne.

Ni ce taki,
Mairama