Korayen Akwatunan Baba

Gyadi-Gyadi, Kano.

Zuwa ga Yayana Habibullah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Jannat da su Usaid. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan alhamdulillahi, sai dai hankalina ba a kwance yake ba, shi ya sa na ɗauki biro. A waya ba ka bari in kai ƙarshen magana, takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta.

Maganar Baba ce. Ka san wasan nan nasa na waya, wanda ake ɓoye kalmar Turanci mai harafi biyar, mutum ya yi ta canka har sau shida. Harafin da ya zauna daidai akwatinsa ya yi kore, wanda babu shi a kalmar ya yi toka-toka. Tun da ya bar koyar da Turanci, kullum da safe shi da maƙwabcinmu Baba Rotimi suke zama a benci a ƙofar gida suna yi, ya gama ya turo mana sakamakon a guruf ɗin gida, kai kuma ka yi ta zuga shi.

Shekaranjiya na biyo daga gidana na Tarauni na kawo masa kunu, Baba Rotimi bai fito ba tukuna, sai na tsaya a kansa. Wasan ya nuna masa akwai A da T da E. Mutumin da a da zai zubo maka "water", "later", "plate", "taste" ba tare da ya ja numfashi ba, ya zauna yana kallon wayar kamar ba tasa ba. Can ya rubuta "tea", harafi uku, yana ta dannawa ta ƙi karɓa, ya ce wayar ce ta lalace. Yaya, Hajiya Kaka ma da irin waɗannan ƙananan abubuwa ta fara, kafin ta manta hanyar ɗakinta.

Don Allah ka nemi hutu ka zo ka gan shi da idonka. Inna tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Safiyyah.

*

Yayana Habibullah,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, kuma zazzaɓin Usaid ya sauka.

Na ji saƙon muryarka. Ka ce tun ina ƙarama ni mai zuzuta abu ce, kuma mutumin da kansa ya taɓu ba zai riƙa turo korayen akwatuna kullum ba, saboda haka sai Babbar Sallah za ka zo. Na ji haushi, ba zan ɓoye maka ba, amma ni ma akwatunan nan sun ɗaure mini kai.

To ranar Juma'a Baba ya fita masallaci bai dawo ba. Mun zaga Gyadi-Gyadi kaf, Inna ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Wani mai adaidaita, tsohon ɗalibinsa, shi ya tsince shi a Darmanawa yana tambayar hanyar makarantar da ya bari tuntuni, wai ya makara aji. Mun kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, magani yana rage masa gudu amma ba ya tsayar da shi.

Washegari na laɓe a zaure na ga yadda ake samun koren. Ashe Baba Rotimi yana fara warware kalmar a tasa wayar tun a gida, sannan ya zo ya zauna, ya yi ta jan Baba da hira yana ambato ta. In hakan bai yi ba, sai ya kama yatsan Baba ya ɗora a kan haruffan, in an gama ya tafa masa ya ce yau ma Malam ya kayar da shi. Da na tare shi, dattijon nan sai ga hawaye. Ya ce tun kafin azumi yake yi, don ba zai iya zuba ido Malam ya ji kunya a gaban 'ya'yansa ba. Inna ma ta sani, ta ce rufin asiri ne.

Na so in yi faɗa, na kasa. Na dai roƙe shi ya ci gaba da zuwa, amma gobe kawai ya janye hannunsa, don ka ga gaskiya da idonka. Wallahi tsoron goben nake ji. Ka duba guruf da safe.

Taka,
Safiyyah.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, Allah ya sa kuna lafiya.

Ka gani. Layi shida, kusan duk toka. Ya daɗe yana fama, gumi har wuyan rigarsa, Baba Rotimi ya kau da kai yana kallon titi. Ni na tura sakamakon, amma ji na yi kamar na tsiraita shi a kasuwa.

Da ka rubuto kana tambayar ko Baba lafiya, na karanta masa, na ce saƙon Habibullah ne, na nuna masa hotonka da ke jikin lambar. Ya ji daɗi sosai. Ya ƙura wa hoton ido, ya ce wannan yaro akwai ladabi, ya tambaye ni ɗan gidan wane ne, wai in ce ya gaida mahaifinsa.

Ni har yanzu yana gane ni, ko da yake jiya sau ɗaya ya kira ni da sunan ƙanwarsa. Ban san iya lokacin da ya rage mini ba, balle kai da ba ya gani.

Ban faɗa masa ɗan wane ne kai ba. Na ce masa yaron yana hanya, zai zo ya gaya masa da bakinsa. Ya sa Inna ta share ɗakin zaure saboda baƙon, ɗazu ma ya sake tambaya ko ya iso. Kada ka mai da ni maƙaryaciya, Yaya.

Ƙanwarka mai jiranka,
Safiyyah.