Baban Ƙararrawa Ya Tafi, Akwatin Gilashi Yana Nan Wayam

Cikin alhini, da kuma ɓacin ran da ba mu ga dalilin ɓoyewa ba, Ƙungiyar Ma'aikatan Gidan Adana Kayan Tarihi take sanar da 'yan uwa, abokan aiki da al'umma baki ɗaya cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma tsohon shugabanta, Babban Jami'in Kula da Kayan Tarihi, Shugaban Sashen Hotuna da Intanet, dattijon arziki wanda babba da yaro suka sani da Baban Ƙararrawa, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a gidansa bayan jinyar da ya sha. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya fara aiki ne a ɗakin ajiya, yana goge tukwane yana ɗaura wa kaya lamba, kuma lokacin da kwamfuta ta shigo gidan nan, sa'o'insa suka yi ta zillewa, shi ya gyara tabarau ya zauna yana laluben haruffa da yatsu biyu har ya gagari samarin da suka koya masa. Shi ya kafa shafinmu na intanet, shi ya tsaya aka ɗauki hoton kowace tukunya da kowane ƙyalle, aka naɗi muryoyin tsofaffin maƙera da masaƙa kafin ƙasa ta rufe su, ta yadda yau ɗalibar da ba ta taɓa taka ƙofarmu ba take ganin kayan kakanninta a wayar malaminta. Mu da ya horar ba za mu manta da tsokanarsa ba, domin in hoto ya fito dishi-dishi sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "'Yata, hannunki ne ke rawa ko tukunyar?"

Sunan da muke kiransa da shi kuwa ya samo asali ne daga wata ƙararrawar tagulla da aka ɗauke daga garin nan tun ba a haife shi ba, wadda take ajiye a wani gidan tarihi na ƙetare. A tsakiyar babban zauren baje kaya, marigayin ya kafa akwatin gilashi daidai girmanta, ya bar shi babu komai, domin duk wanda ya shigo ya tambayi abin da ya kamata ya gani a ciki, kuma ya ƙarar da shekarun ƙarfinsa yana neman a dawo da ita. Daga ƙarshe masu riƙe da ita suka gayyace shi, suka sa masa safar hannu, suka ci moriyar ƙwarewarsa wajen ɗaukar hotonta ta kowace fuska, amma da ya roƙi a bar shi ya buga ta sau ɗaya tak don ya naɗo mana sautinta, sai suka ce dokar gidansu ta hana. Ya dawo gida da adireshin shafin da suka ɗora hoton kawai, su kuma suka shelanta wa duniya cewa wai an mayar da ƙararrawa ga masu ita ta intanet. A kan allon kwamfuta kana iya juya ta da yatsa, kana ganin har tsagar da ke bakinta, amma shiru kake ji. Abin da marigayin ya ce a ranar shi ne, "Ƙararrawar da ba ta ƙara, ai kwano ne aka kife."

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne, da ɗan gari akan ci gari. Hukumar gudanarwar gidan nan ta daɗe tana matsa masa ya yarda a saka allon kwamfuta mai nuna hoton ƙararrawar a cikin akwatin, shi kuma ya ƙi, ba don yana ƙyamar na'ura ba, sai don ya san ranar da hoto ya shiga wurin nan mai tambaya zai daina tambaya, maganar dawo da ƙararrawa kuma ta mutu ke nan. Yau ga shi ba a naɗe tabarmin zaman makoki ba, hukumar ta sanar da bikin saka allon, har da cewa za a raɗa masa sunan marigayin don girmamawa, saboda sun san mamaci ba ya musu. Wannan ƙungiya tana shaida wa Mai Girma Shugaban Hukuma da mambobinsa cewa babu ma'aikacinta da zai buɗe akwatin, ko ya ja waya, ko ya halarci bikin, domin ba ma kiran cin amana girmamawa.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarmu Hajiya, uwargidan marigayin, da 'ya'yansa da jikokinsa da 'yan uwansa, muna roƙon Allah Ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Muna kuma jinjina wa babbar 'yarsa, wadda wakilin hukuma ya je wa har gida neman amincewar iyali, yana lallashinta cewa a zamanin nan hoto da abu duk ɗaya ne, ita kuwa ta miƙa masa wayarta ta ce, "Yallaɓai, wannan cike take da hotunan Baba, har da muryarsa. Shiga cikin gida da ita ka gaya wa Mama an dawo mata da mijinta." Wakilin bai shiga ba.

Allah Ya jiƙan Baban Ƙararrawa, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya kuma ba mu ƙarfin tsare abin da ya mutu yana tsarewa.

Sa hannu:
Sakatariyar Yaɗa Labarai kuma Kakakin Ƙungiyar Ma'aikatan Gidan Adana Kayan Tarihi,
a madadin Shugaba da ɗaukacin mambobi.