Marmaron Gindin Dutse Ya Yi Zartsi

Daren Laraba, watan Safar

Yau ma shanun huɗata sun ƙi shan ruwan marmaron gindin dutse. Na kurɓa na ji zartsi kamar an jiƙa kanwa. Na san in damina ta yi rowa ruwan gindi yakan yi nauyi, na idon ruwan da ke kan dutse kuwa ya zauna garai. Amma ban taɓa jin ya ɓaci haka ba.

Da, samari kan yi gayya su share hanyar ruwa, na kan dutse ya gangaro ya sirka na gindi. Bana duk sun tafi Kaduna leburanci. Ɗana Sale ya zo da rediyo rataye a kafaɗa, wai, "Baba, sayar da shanun nan tun ba su rame ba." Na ce, "Rediyon zai yi mani huɗa?"

Gwiwata na zugi, amma gobe in Allah ya kai mu zan hau da fartanya ni kaɗai. Tsorona in tarar na saman ma ya ƙafe. In haka ne Sale ya yi gaskiya, kuma da bakina zan faɗa mashi.