Wadda Likita Ta Ce Tana Tafe

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa irin ta mai kewa. Yaya gwiwar taki, yaya Baba da yaran? Allah ya sa kowa lafiya.

Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Hannun dama har yanzu barci yake tun ranar da na yanke jiki na faɗi a kan keken ɗinki. An mai da ni gadon jikin taga, wuni nake ina kallon zannuwan asibiti suna kaɗawa a kan igiya.

Inna, ashe ɓoye mini kuke yi? Jiya likita ta lanƙwasa yatsuna, ta yi murmushi, ta ce wa nas "she is coming along". Turancina bai taka kara ya karya ba, amma na san "she" mace ce, "coming" kuma zuwa. To wace mace ce za ta zo mini in ba ke ba? Tun daga lokacin, in na lumshe ido sai in gan ki a mota, kin rungume kwando, mayafinki na shan iska. Har ƙamshin man zafinki nake ji. Na sa an yi mini kitso, na ajiye miki lemo.

Allah ya kawo ki lafiya.

'Yarki,
Auta

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, saƙonki ya iso cewa gwiwa ba za ta bar ki yin tafiya ba. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka, har na ce likita maƙaryaciya ce.

Wata tsohuwar malamar makaranta da ke gadon gefena, wadda ta karye a ƙugu, ita ta tambaye ni abin da aka faɗa. Da na maimaita mata, ta yi dariya har sai da ƙugun ya tuna mata da kansa. Ta ce in Bature ya haɗa "coming" da "along", ba baƙo yake nufi ba, yana nufin abu yana ci gaba, yana yin kyau sannu a hankali, kamar shuka ko yaro mai koyon tafiya. Wai ni ce "she" ɗin, Inna. Ni ce mai tahowar.

Na daɗe ina duban hannun nan kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Na yi ta lallashinsa har babban yatsa ya taɓa ɗan'uwansa.

Shekaranjiya maɓallin rigar Malama ya cire. Nas ta zura mini zare, ni kuma na riƙe allura da dama. Gumi ya jiƙa ni sharkaf, na soki kaina, amma na ɗinke shi. A karkace ya zauna, abin da da a shago ne sai na ji kunya. Nas ta ce ta kawo a gyara, Malama ta dafe ƙirji ta ce duk wanda ya taɓa mata shi ba ta yafe ba.

Ki gaida Baba, ki ci gaba da sa ni a addu'a.

'Yarki,
Auta